Agogon Talibambam

Kwana tara ke nan ana ruwa a Valdivia.
Kogi ya fara lasar matakalar kasuwar kifi,
ni kuwa ina hawa na uku, gaban na'ura,
da littattafai uku da ba sa ga maciji da juna.

Aikin dai guda ne:
a datse wa talibambam ƙarshen wutsiya,
a zura ido a ga yadda take tohowa.
Eliseo yana awo duk bayan awa shida,
kamar mai shan magani,
sai dai ran Laraba motar Niebla ta kafe a laka,
ya iso sha ɗaya ta gota, takalmansa suna ɗiga.
Rayén sai ɗanta ya yi barci take fitowa.
Shafukanta na dare cike maƙil,
na rana fayau.
Shi kuwa tsoho Anselmo,
da bai taɓa amincewa da agogon bango ba,
ya rubuta a gefen lambobinsa: bayan shayi.
Shayin ƙarfe nawa, Anselmo?

Na zuba ɗigo-ɗigon a allo,
suka watse kamar hatsin da kaji suka bi ta kai.

Da fari na jera su bisa awa,
ƙarfe shida a kan ƙarfe shida,
sai layukan suka ba juna baya.
Ashe tankin da ke jikin taga ya fi sanyi,
'yan cikinsa ba su san gaggawa ba.
Abin da na kusa da murhu suka gama a kwana biyu,
su sai a na uku, can da la'asar.
Rauni ba ya ɗaga kai ya dubi bango
kafin ya warke.

Na rabu da agogo, na shiga neman alama:
sa'ar da bakin raunin ya haɗe,
sa'ar da ɗan farin tsiro ya leƙo
kamar haƙorin jariri.
Na kafa ƙusa a nan, na kafa wata a can,
na ja layin Eliseo kamar jiƙaƙƙiyar fata,
na ɗan tamke na Rayén,
har tudu ya hau tudu,
kwari ya kwanta a cikin kwari.

Daidai nan gabana ya faɗi.
Fata in ta jiƙa, kowace ganga za ta rufe.
Da zan ƙara ja kaɗan,
tankin da ruwansa ya gurɓata ma zai bi sahu,
babu wanda zai ga ɗinkin.
Na'ura ba ta musu.
Ka ce ta cike giɓi, ta cike,
da lanƙwasa mai kyan gani
wadda babu wutsiyar da ta taɓa yi.

Akwai awa goma sha tara a littafin Rayén
da alƙalami bai taɓa ba,
daren da zazzaɓi ya kai su asibiti.
Wutsiyoyin ba su jira ta ba,
sun yi ta toho a duhu, babu shaida.
Na tsallaka da zare ta wurin,
amma na bar shi tsinke-tsinke,
na shimfiɗa masa inuwa mai faɗi hagu da dama,
don mai karatu ya san
nan ba awo ba ne, zato ne.

Ƙofa ta yi ƙara.
Anselmo ne, da kofi biyu suna tururi.
Na saci kallon bango:
huɗu da minti ashirin.
Na yi maza na rubuta, zuciyata fes.

Ya leƙa takardar, ya kurɓa, ya ce,
yau dai na yi sauri.
Wani lokacin sai biyar da rabi.